Gyaran garkar kunkuru: abinda na yi tun ranar da na tarar da Gwarzo a rigingine

Asabar 23 ga Maris 2024

Yanzu aka gama shan ruwa, kowa ya tafi asham ni kuma na zauna in rubuta wannan saboda har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Yau kaɗan ya rage mu rasa Gwarzo, babban kunkurun gidanmu.

Na dawo daga sallar azahar kenan ko takalmi ban cire ba yarona ya taho da gudu yana cewa Abba Abba zo ka ga Gwarzo ƙafafunsa a sama. Na zagaya bayan ɗaki na same shi kwance a rigingine cikin lungun garka, kan siminti, rana ta buɗe a kansa irin ranar nan ta ƙarshen Maris da ko ƙafa ba ka iya ajiyewa a ƙasa, wuyansa a miƙe bakinsa da kumfa, ya saki fitsari ya jiƙa wurin gaba ɗaya, ƙafafun ma ya daina wutsil-wutsil da su sai ɗan motsi kaɗan. Ba wanda ya san tun yaushe yake haka domin da azumi ba mai leƙa bayan ɗaki da rana. Na sa hannu biyu na juyo shi a hankali, ban yi masa da ƙarfi ba, muka ɗauke shi ni da ƙanena zuwa gindin darbejiya, na zuba ruwan randa a babban daro daidai yadda zai taɓa masa ƙirji kawai, muka sa shi ciki ina shafa masa ruwan a wuya da ƙafafu. Sai wajen la'asar ya sunkuyar da kai ya sha.

Kunkurun nan marigayi Baba ne ya kawo shi tun 2003 yana kamar kwanon sha. Ɗayar kuma, Ladi, shekara takwas kenan da aka ba mu ita, ranar Lahadi ta zo shi ya sa. Ni dai ba zan yarda abinda Baba ya bari ya mutu a hannuna ta wannan hanya ba. Zan gyara garkar, kuma zan riƙa rubutawa da kwanan wata domin in san me ya yi aiki me bai yi ba.

Litinin 25 ga Maris

Ya ci ganyen yakuwa kaɗan yau, alhamdulillah.

Na kira wani abokina likitan dabbobi mun daɗe a waya. Abinda ya fi tsaya min a rai shine zancen huhu. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon bayansa ta ciki, hanji da hanta da sauran kayan ciki suna ƙasa da shi. In yana tsaye daidai ba matsala, amma da ya juye sai duk nauyin nan ya sauko kan huhun. Kuma shi ƙirjinsa ba ya buɗewa ya rufe kamar namu tunda haƙarƙarinsa ya haɗe da ƙoƙon, da naman wajen ƙafafu yake jan numfashi. To ka haɗa wannan da rana, ka haɗa da fitsarin da ya saki wanda shine ajiyar ruwansa, domin su a mafitsara suke tara ruwan da ke kai su rani. Yace min ai ba sai ya yini ba a irin wannan zafin. Yace in riƙa sa shi a ruwa mara zurfi kullum minti 20 har sati ɗaya, in lura ko yana kashi yana cin abinci, in na ji numfashinsa da ƙara ko majina a hanci in kawo shi.

Na auna su kuma, abinda ban taɓa yi ba. Gwarzo santimita 58 tsawon ƙoƙo, kilo 33 a sikelin mai awon hatsi na bakin layi. Ladi santimita 36, kilo 9. Dukkansu irin babban kunkurun nan ne na Sahel mai ƙaya a cinya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ana samunsa tun daga Sanagal da Mali da Nijar da Cadi har Sudan da Habasha. Shine na uku a girma cikin kunkurun tudu a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma yana haura shekara 70. Kenan Gwarzo bai ma gama girma ba, garkar da zan yi ba ta bana kaɗai ba ce.

Asabar 30 ga Maris

Kwana uku ina fitowa bayan asuba da kujera in zauna in zuba musu ido kawai, ban taɓa komai ba. Wallahi shekara da shekaru ina ba su abinci amma ban san yadda suke yini ba sai yanzu.

Garkar mita 7 ce da mita 4, ƙasa siminti mai sulɓi wanda aka yi domin saukin wanki, gefe biyu katangar gida, gefe biyu wayar kaji da aka ɗaure a jikin ƙarfe. A ciki akwai tsohon turmi da aka jefar, da bulo guda biyu, da bahon roba na ruwa.

Ga abinda na gani. Da rana ta ɗan ɗaga, wajen ƙarfe 8 zuwa 10, Gwarzo zai fara sintiri a jikin wayar, ya je ya dawo ya je ya dawo, domin ta cikin wayar yana hango ɗan lambun maman yara, yana ganin alayyafo da rama kore shar, shi kuma a tunaninsa duk inda ido ya wuce jiki ma zai wuce. Sai ya kai lungu inda waya ta haɗu da katanga ya sa farce ɗaya a ramin waya, ɗaya a jikin bulo, ya fara miƙewa tsaye kamar mai hawa tsani, ƙafafun baya kuma suna kan siminti mai santsi. Sau huɗu na ga ya miƙe har cikinsa ya fuskanci bango sosai, sau huɗun ina tashi in sauko da shi. A nan ya faɗi ranar Asabar ba ko shakka. Ladi ita kuma turmin nan take hawa, da bakin baho, in ta taka bakin sai bahon ya ɗaga.

Wani abu kuma da ban taɓa lissafawa ba, lokacin da suke wannan hawan da hantsi ne akwai inuwar katanga a lungun, amma kafin ƙarfe 12 inuwar ta janye. Duk wanda ya faɗi da hantsi a inuwa ya faɗi, rana ce ke zuwa ta same shi a wurin.

Asabar 13 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Yau na kwashe komai daga garkar, turmi, bulo, baho, har da wani guntun itace, na share ta fes. Na ɗaura tsohuwar zana a jikin wayar ta waje domin ya daina hango lambu. Ruwa kuma a faranti nake ba su in tsaya su sha in ɗauke. Tunanina shine in ba abin hawa ba faɗuwa.

Laraba 17 ga Afrilu

Ya sake faɗuwa. Wannan karon maman yara ta gan shi da wuri, wajen ƙarfe 10, ta kira ƙanena suka juyo shi, bai galabaita ba. Zanar ta hana shi gani amma wayar tana nan ta ciki, farcensa na samun wurin kamawa.

Da na dawo aiki na tsuguna a wurin na daɗe ina kallon simintin, akwai zane-zane farare inda gefen ƙoƙonsa ya yi ta gogawa, a zagaye suke kamar an juya murfin tukunya. Ma'ana ya yi ta ƙoƙarin tashi yana jujjuyawa a wuri ɗaya kamar ƙwarya a kan tayal, ba abinda ƙafarsa ko kansa zai tokara. Da turmin nan yana kusa wataƙila da ya tokare shi ya tashi. Ashe share garkar da na yi ƙara masa haɗari na yi, raina ya ɓaci sosai da na gane haka.

Yanzu na fahimci abu biyu ne daban. Akwai abinda ke sa ya faɗi, akwai abinda ke hana shi tashi. Kuma garkarmu a juye aka gina ta, bango mai kaushi da ake iya hawa, ƙasa mai santsi da ba a iya tokarawa. Kamata ya yi bango ya yi santsi ƙasa ta yi kaushi.

Kafin in samu kuɗin aiki na sa doka a gida, sau uku za a leƙa, da hantsi, da azahar, da la'asar. Na rataye littafi da biro a ƙofar garka, wanda ya leƙa ya sa alama. Yaran sun karɓi abin da muhimmanci fiye da yadda na zata.

Asabar 27 ga Afrilu

Yau aka fasa siminti. Mai ginin da ya zo ya tsaya riƙe da diga yace Malam, daɓe mai kyau haka za ka fasa saboda kunkuru? Nace masa eh Malam, fasa kawai. Hajiya ma ta leƙo tace kai ɗan nan, mahaifinku da kuɗinsa ya yi daɓen nan fa. Nace Hajiya ai kunkurun ma nasa ne, kuma shi ke da rai. Ta yi shiru can tace to Allah ya yi albarka.

Mun kwashe ɓaraguzai baro goma sha wani abu, muka tsince duk wani guntu mai kaifi da hannu domin suna haɗiyar ƙananan duwatsu. Sai aka zubo jar ƙasa da yashi, kashi biyu ƙasa kashi ɗaya yashi, zurfin kamar taki ɗaya da rabi. Ban yarda da yashi zalla ba, na farko ƙafa na nutsewa ba ta samun tokara, na biyu in ya manne a abinci suna ci yana iya toshe musu hanji. Kuma na hana a daddaɓe ta ta zama kamar faranti, na bar ta da ɗan tudu da kwari, ba mai tsayi ba, irin na gona bayan an yi huɗa ruwa ya bi ta kai.

Kafin mu gama kwashe kaya Gwarzo ya fara tono a gefen gabas, yana watso ƙasa da ƙafafun gaba. Shekara ashirin yana kan siminti bai manta ba.

Asabar 11 ga Mayu

Katanga ta tashi. An cire wayar gaba ɗaya, aka sa bulo mai inci 6, layi 2 a cikin ƙasa saboda tono, layi 4 a sama, ya kai kusan santimita 90. Na auna ne da tsawon Gwarzo in ya miƙe da ƙafafunsa na gaba, na ƙara saboda girman da zai yi nan gaba. Ta ciki an yi filasta an goge ta sumul, har tsohuwar katangar gida ma an bi ta an toshe duk ramukan da ke tsakanin bulo.

Lungunan ne suka ɗauke mu lokaci. Kunkuru ba ya iya hawa miƙaƙƙen bango mai santsi, amma a kusurwa yana samun bango biyu, ya tokara nan ya tokara can. Sai nace a yanke kowace kusurwa, a gina ɗan bango a karkace ya rufe ta, faɗin kamar santimita 70, a cika bayansa da ƙasa. Mai gini yace bai taɓa yin ɗaki mara lungu ba amma ya yi shi da kyau. Yanzu in Gwarzo ya biyo bango ya zo wurin sai kawai ya lanƙwasa ya ci gaba da tafiya, ba inda zai tsaya ya cije.

Ƙofa ma katako ce rufaffiya ba mai tsaga ba, da sakata ta waje, kuma na sa kafinta ya maida sandunan da ke riƙe ta ta waje, domin in suna ciki matakala ce.

Sannan rumfa. Na kafa ta zana a kan bangon yamma da na kudu inda suka fi sintiri, yadda ko wani ya faɗi a jikin bango da hantsi rana ba za ta same shi da azahar ba. Tsakiya na bari a buɗe, suna buƙatar rana domin ƙashinsu da ƙoƙonsu.

Lahadi 19 ga Mayu

Ruwa. Na sayo babban kasko na ƙasa a wurin masu tukwane, mai faɗi mara zurfi, na haƙa na binne shi bakinsa daidai da ƙasa. Ruwan da nake zubawa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, yadda ko Ladi ta faɗa a juye hancinta ba zai nutse ba, domin kunkurun tudu ba kififiya ba ne, ruwa kaɗan na iya kashe shi in yana rigingine. Kasko ya fi roba, yana da kaushi kuma ba ya ɗagawa in an taka baki. Sai dai kullum sai an wanke domin a ciki suke kashi.

Na dasa duwatsu guda shida masu faɗi nan da can, kowanne na binne fiye da rabinsa, abinda ya fito bai kai tsayin ƙafar Ladi ba. Ba na hawa ba ne, na tokara ne.

Asabar 8 ga Yuni

Ranar Laraba Ladi ta wuntsila a bakin ramin da Gwarzo ke tonawa, 'yata ce ta gani ta kira ni, kafin in ƙaraso tace Abba tsaya ka gani. Ta miƙa wuya ta kafa kai a ƙasa, ta yi ta lilo da ƙafafu gefe ɗaya, ƙafar baya ta samu tudun ƙasa ta tura, sai gata a kan cikinta. Bai fi minti biyu ba. Ta ɗan tsaya ta ci gaba da tafiyarta. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa, wannan ne karon farko da na ga aikin ya yi amfani da idona.

Wannan ya sa na koma karatu a kan yadda suke tashi. Akwai wasu masana biyu a ƙasar Hangare, Gábor Domokos da Péter Várkonyi, da a 2006 suka ƙera wani abu da suka kira gömböc, duk yadda ka ajiye shi sai ya mirgina ya dawo zama ɗaya ba tare da an sa masa nauyi a gindi ba. Daga baya suka auna ƙoƙon kunkuru iri-iri suka ga masu dogon ƙoƙo mai tulluwa, kamar mai zanen tauraro na Indiya, siffarsu ta kusa da wannan abin, ƙoƙon ne da kansa ke mirgino su. Masu faɗin ƙoƙo irin na ruwa kuma da dogon wuya suke tokara ƙasa. Namu na tsakiya ne, ƙoƙon ba dogo can ba kuma samansa da ɗan faɗi, wuyan ma ba wani tsawo, shi ya sa dole sai ƙasa ta taimaka masa. Ga nauyi kuma, abinda Ladi mai kilo 9 ta yi cikin minti biyu ban san ko Gwarzo zai iya ba.

Wani maƙwabci yace to ka juya shi da kanka mana ka gwada. Na ƙi. Na ga idonsa ranar 23 ga Maris, ba zan sa shi a wannan halin da hannuna domin in gamsar da kaina ba.

Asabar 20 ga Yuli

Abinda ban taɓa kawowa ba ya faru jiya. An yi ruwa da daddare, da safe gari ya yi sanyi suka fito da kuzari, ina ɗaki na ji ƙara kamar ana buga ƙwarya da ƙwarya, ƙwas ƙwas. Na fito na tarar Gwarzo ya ja baya ya taho da gudu ya daki Ladi a gefe, ya sa wannan ƙashin mai baki biyu da ke ƙarƙashin wuyansa ya cusa ƙarƙashin ƙoƙonta ya ɗaga, a gabana ya wuntsilar da ita. Kuma da ta fara ƙoƙarin tashi ya sake dukanta. Hausawa na cewa kunkuru na son dambe ba shi da yatsa, to wallahi wannan ƙashin ya ishe shi.

Na ɗauke ta na duba ta da kyau, na ɗaga ta kaɗan ba tare da na juya ta ba, ƙanena ya ɗauki hoto ta ƙasa na tura wa likita. Amsar da ya ba ni ita ce Ladi namiji ne. Cikin ya fara lotsawa kamar cokali, wutsiya ta yi tsawo tana lanƙwashe gefe, ƙashin wuyan ma ya fara fitowa. Yace ba a gane su sai sun kai wajen santimita 30 zuwa sama, shi ya sa duk shekarun nan muke ce masa mace. Yanzu ya balaga, Gwarzo ya ga kishiya a fili ɗaya, kuma da damina ne suka fi wannan rigimar. A daji wanda aka fi ƙarfi guduwa yake ya bar wurin, a garka mai bango huɗu ina zai je.

Da na gaya wa Hajiya tace ikon Allah, to sunan fa? Nace ya riga ya bi shi.

Na yi tunani sosai daren jiya, anya wasu abubuwan da na ɗora wa turmi da baho ba wannan ba ne tun farko? Wataƙila hawan da Ladi ke yi neman hanyar tsira yake. Duk gyaran bango da ƙasa ba zai hana wannan ba. Jiya a tsakar gida ya kwana cikin tsohon ɗakin kaji.

Asabar 3 ga Agusta

An raba garkar biyu da bango irin na farko, layi 4, filasta, kusurwoyin da rabawar ta haifar su ma an yanke su. Gwarzo mita 4 da 4 tare da raminsa, Ladi mita 3 da 4 da sabon kasko. Ba sa ganin juna ko kaɗan. Kwana biyun farko Gwarzo ya yi ta dukan bangon yana jin ƙanshinsa, yanzu ya rage.

Raina bai kwanta da ƙanƙantar wurin ba gaskiya. Dabbar da ke yawo mai nisa a daji ka ba ta mita huɗu, dole ta yi sintiri, kuma sintiri ne ke kai su ga hawa bango. Na fara magana da Hajiya a kan tsohon kicin ɗin da ya rushe a gefe.

Ramin Gwarzo kuma ruwan Laraba ya cika shi, Allah ya sa yana waje. Na yi masa ɗan tudu a baki da rufin kwano a sama, na fitar da hanyar ruwa ta ƙarƙashin bango da ƙaramin bututu.

Asabar 14 ga Satumba

Ba wanda ya faɗi tun Yuli. Kiri-kirin da na dasa ya kama, harkiya ma ta fito da kanta, suna kiwo da bakinsu kamar tumaki kuma saiwar ta riƙe ƙasar, ga tushen ciyawa ko'ina abin tokara. Na rage ba su ɓawon kankana da tumatir, ciyawa ce abincinsu na asali, sai ganyen rama da yakuwa da zogale jefi-jefi, da garin ɓawon ƙwai sau biyu a sati. Na sayi harawa na ajiye saboda rani. Ladi ya ƙara kilo ɗaya tunda aka raba su, yanzu yana ci ba ya waige.

Asabar 2 ga Nuwamba

Wani ɗan uwa ya zo yace wannan wahala ta yi yawa, ka kai ƙaramin daji ka sake shi ko ka sayar, akwai masu nema. Na faɗa masa ba zan yi ko ɗaya ba. Wanda ya tashi a gida bai san inda zai samu ruwa ko mafaka ba, kuma dajin da za a kai shi ina yake, duk ya zama gona da wurin kiwo, wanda ya fara ganinsa zai ɗauke. Yawan kamawa da sayarwa na cikin abinda ya ƙarar da su, tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka yi kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje domin kasuwanci, a 2021 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A Sanagal akwai wuri a Noflaye kusa da Dakar da ake tara irinsu ana kula da su, har ana maida wasu dajin Ferlo, amma da shiri ake yi da bibiya, ba a kai dabba bakin hanya a juya baya ba. Mu nan gidaje da yawa akwai kunkuru, wasu don sha'awa wasu don abinda aka yi imani da shi na tsari, akasari kuma a kan siminti suke ko an huda ƙoƙon an ɗaure da igiya, alhali ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai yana jin zafi. Wannan abin na damuna ƙwarai.

Asabar 21 ga Disamba

Jiya Gwarzo ya faɗi, kuma ya tashi da kansa.

Sanyin hunturu ya sa ba sa fitowa sai wajen ƙarfe 10, jikinsu a mace. Tudun da na yi masa a bakin rami saboda ruwa ya bushe ya yi tauri, gefe ɗaya ya zaizaye ya zama kamar matakala, ya zo fitowa ƙafa ɗaya ta hau ɗaya ta zame sai ya tafi gefe ya juye. Ina wurin ina zuba harawa. Na taho zan ɗaga shi sai na ga ƙafarsa ta baya ta kama ɗaya daga cikin duwatsun nan na watan Mayu, na tsaya da hannuna a kusa da shi ina duba agogo, na ce a raina in ya kai minti biyar zan juya shi. Ba rana mai zafi, yana ƙarƙashin rumfa. Ya tura ya dawo, ya tura ya dawo, yana huci, a karo na shida ko na bakwai ya kafa kai a gindin ciyawa ya tura da ƙarfi sai ji na yi dim. Minti huɗu. Na zauna a ƙasa a wurin na ma rasa me zan ce, sai hamdala.

Na sa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan bayan nan, ya sha, da yamma ya ci. Tudun kuma na farfasa shi yau na baje shi ya zama gangare mai sauƙi ta kowane gefe, zan riƙa duba shi duk sati domin ƙasa na canzawa, abinda ya yi daidai da damina ya zama tarko da rani.

Lissafi tun Maris: faɗuwa biyar. Biyu a kan siminti sai da aka ɗaga, ɗaya ta faɗa ce, biyu a kan ƙasa sun tashi da kansu.

Asabar 11 ga Janairu 2025

Hajiya ta yarda da maganar tsohon kicin. In an kwashe ɓaraguzan za a samu ƙarin mita 5 da 4, zan buɗe wa Gwarzo ta nan, Ladi kuma ya karɓi tsohon wurin gaba ɗaya in an rushe bangon tsakiya, sai dai ramin ne ban san yadda zan yi ba domin Gwarzo ba zai so barinsa ba, wataƙila Ladi ne zai koma sabon wurin. Mai gini zai zo ranar Talata ya auna. Ina so a gama kafin zafin Maris ya shigo, kuma zanar rumfar kudu ta fara zubewa tana buƙatar sabuwa. Littafin ƙofa ya cika, na sayo wani, leƙawa sau uku tana nan yadda take.